Ranar da Ɗan Baranda Ya Miƙe Tsaye

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Madalla. Amma ku sani, ya 'yan uwa, wannan ba tatsuniyar yara ba ce. Ke mai goyo, gyara zama. Labarin butulci zan ba ku, kuma da idona na gani, don a gefen teburina na koko da ƙosai aka fara shi, a nan kuma aka gama.

An yi wani mutum a Kumasi. Cikakken sunansa ba zan faɗa ba, don 'ya'yansa suna raye. Sunan ranarsa dai Kwabena, ran Talata aka haife shi. In kun tsaya a tashar mota kun kira Kwabena, sai rabin tasha ta waigo, don haka ban tona asirin kowa ba.

Ubansa Asante ne, kafinta. Uwarsa mutuniyar Bolga ce, ta rasu yana ƙarami. To a wajen Asante ɗa na dangin uwa ne, gado kuma na ɗan 'yar uwa. A wajen mutanen Bolga kuwa ɗa na uba ne. Kun ga inda yaron nan ya faɗo?

Da uban ya mutu aka yi arba'in, sai 'ya'yan 'yar uwar uban suka zo suka karɓi gida. Suka ce, "Kwabena, sai ka tafi wajen kawunanka." Ya hau motar Bolga. Kawunai suka ba shi ruwa, suka ba shi tuwo, suka ce, "Kai ɗan Asante ne, koma gidan ubanka." Ya dawo Kumasi, ko gemu bai fara ba, ba gidan shiga.

A lokacin nan, wanda ba shi da ɗaki yana da baranda. Barandar shagunan da ke kewaye da babbar tasha, kowa da wurinsa. Mai shago ya kulle ya tafi, ka shimfiɗa kwalinka. Kafin ya dawo da safe ka share masa wuri tas. Shi ya sami mai gadi, kai ka sami rufi. 'Yan matan da ke ɗaukar kaya a tasa, da guragu, da tsofaffi, duk haka suke rayuwa. Babbarsu kuwa wata mai sayar da dokunu, tuwon masaran nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi ce, ana ce mata Maame Dufie. Teburinta na jikin nawa. Tana da gidan dangi a ƙauye, amma a baranda take kwana tare da 'yan matan, don kada 'yan iska su taɓa su.

Wata safiya ta ɗaga ledar teburinta, sai ga ƙafafu.

"Wannan ɓera ne ko mutum?"

"Mutum ne, Maame."

"Ɗan wane gida?"

"Ba ni da gida."

"Dangi fa?"

"Su ma babu."

Ta ja tsaki. "Ƙarya kake. Ko akuya tana da dangi. Tashi ka ɗebo mini ruwa, ka zo ka ci abinci, kana ta wari kamar kifin jiya."

Shi ke nan, ya sami wuri a barandarta. Bayan shekara ta tafi da shi ƙauyensu. Ta tsaya gaban babban danginsu, ta ajiye kwalbar giya kamar yadda suke yi, ta ce, "Wannan ɗana ne. In ya yi laifi ku kira ni. In ya mutu, mu za mu binne shi." Ku riƙe maganar nan, ya 'yan uwa. A wajen Asante, dangi shi ne wanda zai ɗauki gawarka.

Allah Ya ba yaron nan baki da ƙwazo. Ya fara da dako. Ya zama ɗan kamasho, yana kiran fasinja da harshe uku. Ya zama shugaban ma'aikatan tasha. Ya zama kansila. Da zaɓen majalisar ƙasa ya zo, ya hau kan teburin Maame ya ce, "Ni ɗan baranda ne! Na san inda ruwa ke zuba, na san inda sauro ya fi cizo!" Tasha ta ɗauki ihu. Daga ranar sunansa ya zama Ɗan Baranda. Ya ci zaɓe, ya tafi Akra.

Kuma zan faɗi gaskiya, don Allah ba Ya son a rage wa ko mugu ma'auninsa. Shekarunsa na farko ya yi aiki. Shi ya tsaya kai da fata a kan masu gidajen haya da ke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule kafin su ba da makulli. Shi ya sa aka gina wa 'yan mata wurin wanka a tasha. Shi ya samo wani zaure mai rufin kwano inda masu jego ke kwana. Duk ƙudurin da ya shafi marasa muhalli, ka san inda za ka same shi. In ya dawo Kumasi, sai ya tuɓe takalmi ya zauna a bencin Maame ya ci dokunu da hannu, tana zaginsa wai ya yi tumbi.

To me ya ɓata shi? Ba giya ba ce, ba mata ba. Yunwar gida ce. Mutumin da aka kora daga ƙofa biyu yana son babbar ƙofa ta buɗe masa.

Ya nemi auren Abrafi, 'yar wani babban gidan fatake masu benaye da shaguna. Yayanta, Gyasi, ya nuna masa fili a cikin ƙasar danginsu, ya ce, "Suruki, gina a nan. Ai ka zama namu."

Maame ta ce masa, "Kwabena, ba a gini a ƙasar surukai. Kai da aka kora ran arba'in, kai za a gaya wa?"

Ya yi dariya. "Maame, wancan zamanin duhu ne. Yanzu akwai doka, mu ne ma masu yin ta."

Ran biki ta ɗaura zanenta mafi kyau ta je. Da manya suka tambayi wace ce tsohuwar nan, sai ya ce, "Mai sayar mana da abinci ce a tasha." Tana ji. Da ta dawo na tambaye ta biki, ta ce, "Shinkafarsu ba gishiri."

Yanzu bari in gaya muku yadda suke ƙuri'a a majalisar tasu, don a nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Yawanci ba a ɗaga hannu, ba a kiran suna. Kakakin majalisa ya ce masu so su ce i, sai a kwashe da ihu. Ya ce masu ƙi su ce a'a, sai a kwashe da ihu. Ɓangaren da ihunsa ya fi ƙarfi shi ya ci. Wa ya san bakin da ya ce me, a cikin mutum ɗaruruwa?

Ɗan Baranda ya gano wannan. Aka kawo maganar ba wani attajiri filin da za a ƙara gina zauren masu jego. Ya yi ihu tare da masu so. Aka kawo gyaran da ya zare wa dokar haya haƙora. Ya yi ihu tare da masu so. Ran Asabar sai ya zo tasha yana dafe da maƙogwaro.

"Maame, na yi ihu har muryata ta dishe. Sun fi mu yawa ne."

Sai ta dafa masa citta da zuma. Ya sha, ya 'yan uwa. Ya karɓa da hannu biyu ya sha.

Shin wanda ya ɓoye wa mutane, ya ɓoye wa Allah ne? Wanda ya cusa muryarsa a cikin hayaniya, yana tsammanin Mai jin tafiyar tururuwa bai ji shi ba?

Aka shekara ana haka. Sannan masu shaguna, Gyasi a kan gaba, suka matsa aka kawo wani ƙuduri: a hana kwana a baranda, kowane mai shago ya kewaye barandarsa da ƙarfe, wanda aka kama a ci shi tara. Suka ce birni ya yi datti. Tasha ta ruɗe. Ɗan Baranda ya zo ya daki ƙirji ya ce, "Muddin ina numfashi, ba wanda zai taɓa kwalinku."

Akwai wata 'yar kaya, Sanatu, mutuniyar Tamale, mai baki kamar reza. Ita ta ce, "Maame, mu je mu ga ɗanki yana yaƙi mana. Kullum labari muke ji." Suka yi karo-karo suka ɗauki mota, ba su gaya masa ba, wai su ba shi mamaki. Na rufe tukunyata na bi su. Maame ta ƙulle masa dokunu biyu da kifi a ganye.

Aka haura da mu benen 'yan kallo, muna hango su a ƙasa. Sanyin na'ura ya sa 'yan matan suna ta ƙudundunewa. Sanatu ta ce, "Yo waɗannan ko a nan aka bar mu mu kwana ai mun gode."

Aka yi ta turanci. Da la'asar kakaki ya kira ƙuri'a. Masu so suka yi ihu. Masu ƙi suka yi ihu. Wallahi ba ka iya cewa ga wanda ya fi. Kakaki ya ce masu so sun ci. Sai wani dattijo daga ɗaya ɓangaren ya tashi ya ce bai yarda ba, a ƙirga. Haka dokarsu take: in an yi gardama, sai a miƙe a ƙirga kawuna.

Kakaki ya ce, "Masu so, ku miƙe."

Aka fara miƙewa. Ɗan Baranda yana zaune. Sanatu ta daki cinyata ta ce, "Ga shi can! Zaune yake daram! Ɗan halak!" Maame ta ciro farin hankicinta tana kaɗawa.

Hankicin nan ya gani. Ya ɗaga kai, ya gan mu reras, ya ga Maame. Na ga fuskarsa ta zama kamar toka.

Sai mai tsawatarwa na jam'iyyarsu ya taho ta bayansa, ya sunkuya, ya yi masa magana a kunne. Daga baya aka ce kujerar minista aka ambata masa. Ni dai ban ji ba. Abin da na gani shi ne, ya dafa teburinsa, ya sunkuyar da kai kamar mai neman abin da ya faɗi, ya miƙe a hankali.

Maame ta ce, "Magana zai yi. Ku yi shiru, magana zai yi."

Bai yi magana ba. Yana tsaye aka ƙirga shi. Da mutum ɗaya ƙudurin ya wuce.

A waje ya same mu, rana ba ta faɗi ba, yana ta share gumi.

"Maame, wa ya kawo ku? Ba ki gane siyasa ba ne. In na zama minista, gidaje zan gina muku, ba baranda ba."

Ta dube shi tun daga takalmi har kai. Ta ce, "Siyasa kam ban gane ta ba. Amma na san tsaye, na san zaune." Ta ɗora ƙunshin ganyen a kan motarsa. "Ga dokununka. Ya huce."

Har muka iso Kumasi ba wanda ya yi waƙa a motar nan.

Masu walda suka sami kasuwa. Kafin damina ta kankama, duk baranda ta sha ƙarfe. Zauren kwano ya cika har ba wurin sa ƙafa. Sauran suka koma kwanan zaune a bakin kwata, sun lulluɓa da leda. Ɗan Baranda ya aiko direbansa wai Maame ta zo ga ɗaki a bayan gidansa. Ta ce, "Ɗakin zai ɗauke mu duka? In ba zai ɗauka ba, ka ce na gode." Na ce ta zo ɗakina a Zango, ta ce, "Rabi, in na tafi wa zai kori 'yan iska?" Tari ya kama ta. Ba ta ga ƙarshen daminar ba.

Kun san jana'izar Asante. Ana kafa rumfuna, ana zama cikin baƙaƙe da jajayen kaya, duk wanda ya kawo gudummawa sai a faɗi sunansa a lasifika. Ɗan Baranda ya zo ƙauyen da jerin motoci. Mai sanarwa ya fara, "Onarabul, ɗan marigayiya, ya kawo..." Sai babban dangin ya miƙa hannu aka ba shi lasifikar. Tsoho ne tukuf, amma muryarsa ta kai ƙarshen fili. Ya ce, "Dufie ba ta bar ɗa mai wannan suna ba. A mayar masa da abinsa." Aka ɗauko kwalba irin wadda ta ajiye ranar da ta kawo shi, aka haɗa masa da ambulan ɗinsa, aka kai masa har mota.

Wannan ƙofa ta uku ke nan. Biyun farko wasu suka rufe masa. Wannan da ƙafarsa ya rufe ta.

Daga nan, ya 'yan uwa, sai gangara. Kujerar minista aka ba wani. Me za su yi da shi? Amfaninsa a wajensu shi ne talakawa suna jin maganarsa, yanzu kuwa ko karen tasha ba ya bin sa. Zaɓe ya zo ya faɗi warwas. Bai shekara ba hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafafun da suka miƙe ranar nan suka ƙi ɗaukarsa.

Sannan Abrafi ta kwanta ciwo ta mutu. Aka yi arba'in. Gyasi ya zo da ƙannensa, suka zauna a falon da shi ya gina.

"Suruki, ka yi haƙuri. Ƙasa ta dangi ce, abin da ke kanta na dangi ne. Yara kuma namu ne, ka sani."

"Gyasi, kai ka ce na zama naku!"

"Ka zama namu ta wajen Abrafi. Ina Abrafi?"

Ya kai ƙara. Aka ce masa dokar da yake taƙama da ita ba ta shiga ƙasar dangi. Ya nemi ɗakin haya, masu gida suka ce shekara biyu a dunƙule, ko ya ba da wuri. Ya kwana gidan wannan aboki wata ɗaya, gidan wancan mako biyu, har aka fara ce masa maigida ya yi tafiya.

Wata safiya ina zuba koko, sai ga mutum yana jan ƙafa da sanda, rigarsa ta yi masa yawa. Sai da ya yi magana na gane shi.

"Mma Rabi, ina mutane suke kwana yanzu?"

Na ce, "Onarabul, ai kai za mu tambaya."

Na zuba masa koko, na sa masa ƙosai uku. Ya sha yana kallon barandar Maame ta bayan ƙarfe. Wurin kwalinsa na da yana nan, a bushe, a share, ba kowa. Ya fi taku biyu da kaɗan daga inda yake zaune, amma ko minista ba shi da ikon kwanciya a wurin.

Ya yi wata uku a bakin kwata. 'Yan matan ba su kore shi ba, ba su kuma yi masa magana ba. Wata safiya bayan ruwan sama masu shara suka same shi kwance jikin ƙarfen, ya zura hannu ɗaya ciki.

Aka kai gawa asibiti. Aka yi ta cigiya a rediyo. Dangin uba suka ce ba nasu ba ne. Mutanen Bolga suka ce ba nasu ba ne. Gyasi ya ce suruki ba dangi ba ne. 'Ya'yansa ƙanana, ba su da ta cewa. Wadda ta ce "mu za mu binne shi" tana cikin ƙasa. Direbobi biyu suka zagaya tasha ko za a haɗa a yi masa sutura. Da suka zo kan Sanatu, tana zaune a kan tasarta, ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Shi ya miƙe ranar nan. Yau mu muna zaune."

Ban ce ta yi daidai ba. Gawa tana da haƙƙi ko ta wane ne, kuma na gaya mata. Amma zuciyar da aka ƙona ba ta jin wa'azi da wuri. Abin da aka tara bai kai ko'ina ba. A garin da ake tare titi ran Asabar don jana'izar mai sayar da gawayi, ɗan majalisa ya tafi a bayan motar hukuma tare da gawarwakin da ba a san masu su ba, aka zuba su rami ɗaya.

Ya 'yan uwa, kada wata ta ce ai ni ba 'yar majalisa ba ce. Kowa a nan yana da wanda ya ɗaga masa leda ranar da ba shi da kowa. Kowa yana da wurin da ake hayaniya, inda zai iya cusa muryarsa ba a gane ba: a taron dangi, a ƙungiya, a kasuwa, ana yanke wa mara ƙarfi hukunci kina cewa ai ba ni kaɗai ba ce. Mutumin nan ba ranar da ya miƙe ya lalace ba. Ya lalace tun ranar da ya sha cittar tsohuwa da ƙarya a bakinsa. Ranar miƙewa asiri ne kawai ya tonu. Kuma akwai wata rana tafe da za a miƙar da mu duka a ƙirga, ba ihun da za a ɓuya a ciki. Wanda ya rushe rufin wani, da me zai fake a ranar?

Maame Dufie tana kwance a ƙauyensu kusa da uwarta, 'yan mata suna zuwa share kabarin. Sanatu ta gaji teburinta, ita ke korar 'yan iska yanzu. Gyasi yana cikin gidan, ya sake masa fenti. Yaran sun girma suna amsa sunan kawunsu. Ƙarfen yana nan, ya yi tsatsa. Ɗan Baranda kuwa, ba wanda zai iya nuna muku inda yake.

Allah Ya tsare mu da butulci. Allah Ya sa abin da bakinmu ke faɗa a ɓoye ya zama shi ne za mu iya miƙewa a kansa a fili. Allah Ya ba mara ɗaki ɗaki, Ya kiyaye mu, Ya kiyaye zuriyarmu. Ku ce amin.